Uban Riƙon Superman

Masu karatu, a wannan wata zancenmu na sinima ne. Kada dattawa su juya shafi tukuna, gama maganar ta uba da ɗa ce, yaranmu kuwa suna kallon waɗannan finafinai a wayoyin yayyensu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Superman dai ba ɗan yau ba ne. Waɗansu samari biyu Yahudawa na birnin Cleveland a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙago shi, ya fara fitowa a littafin zane a shekara ta 1938. Wata duniya ce mai suna Kiripton za ta tarwatse, sai iyaye suka sa jaririnsu cikin ƙaramin jirgi suka aiko shi duniyarmu. Wani manomi, Jonathan Kent, da matarsa Martha suka tsince shi, suka riƙe shi, suka raɗa masa suna Clark. Wanda duk ya zauna a makarantar Lahadi zai tuna da kwandon Musa a bakin Kogin Nilu.

Masu yin fim suna da wata al'ada: in labari ya tsufa sai su ajiye abin da aka yi a dā, su ɗauko sababbin 'yan wasa, su fara sabon lale. An yi wa Superman haka a 2013, aka sake yi a 2025. Samari suna ta gardama a kan riga da faɗa da dabarun kwamfuta. Ni kuwa bakin tsohon manomin nan na sa wa ido.

A fim na 1978, wanda Christopher Reeve ya fito a ciki, Clark yana saurayi ya yi gunaguni cewa ya fi kowa a filin ƙwallo amma ba dama ya nuna. Uban ya dafa shi, ya ce lalle akwai dalilin zuwansa duniya, kuma dalilin ba cin ƙwallo ba ne. Jim kaɗan ciwon zuciya ya kā da tsohon a ƙofar gida. A bakin kabari yaron ya gane duk ƙarfin nan nasa bai isa ya riƙe ran mutum ɗaya ba. Jarumin da ya fito daga wannan gida mai fara'a ne, ba ya ƙarya, har kyanwa ya sauko wa wata yarinya da ita daga kan itace.

A Man of Steel na 2013, wanda Zack Snyder ya shirya, uban mai tsoro ne. Motar 'yan makaranta ta faɗa kogi, Clark ya turo ta waje ya ceci yaran, amma da ya dawo gida faɗa ya sha don ya kusa tona asirinsa. Ya tambaya ko da sai ya bar su su mutu, uban ya ce wataƙila. Bayan shekaru guguwa ta rutsa da tsohon, ya ɗaga hannu ya hana ɗansa ceto shi, ya mutu yaron yana kallo. Ƙauna ce, ban musa ba, amma irin wadda ke koya wa yaro ɓuya. A ƙarshen fim ɗin rabin gari ya rushe, Superman kuma ya karya wuyan abokin gabansa, Janar Zod.

Abin mamaki, wannan fim ne aka fi shafa wa man addini. An ce shekarun jarumin 33, an nuna shi cikin majami'a da hoton Yesu a bayansa, har aka shirya wa fastoci a Amurka takardun wa'azi a kansa. Ni dai ban ga kamar ba. Ubangijinmu da aka zo kama shi, umartar Bitrus ya yi ya mai da takobi kube.

Na 2025, aikin James Gunn, ya juya labarin gaba ɗaya. Superman ya tashi yana sauraron rabin saƙon iyayen da suka haife shi, yana tsammani sun aiko shi taimako ne. Sai maƙiyinsa Lex Luthor ya tono sauran saƙon: ashe mulkin mutane suka aiko shi yi, ya kuma tara mata. Zuciyarsa ta karye. A gona, wurin tsohon, wanda wannan karon yana da rai, ya ji cewa abin da mutum ya zaɓa ya aikata shi ne mutumin, ba aikin iyaye ba ne su yanka wa ɗa abin da zai zama. Rabin farko na yarda da shi. Na biyun kuwa, a matsayina na malami, ina da ja, gama yaron da ba a nuna wa hanya ba, wani zai nuna masa tasa. Amma shi kansa manomin ai shekara talatin ya yi yana nuna wa yaron hanya da halinsa.

Mu da riƙon 'ya'yan dangi bai zama mana baƙon abu ba, sai mu lura da yadda fim ɗin ya ƙare. Jarumin ya zauna hutawa bayan yaƙi, aka kunna masa hotunan iyayensa don hankalinsa ya kwanta, sai ga manomin da matarsa a kan majigi suna wasa da shi yana ƙarami.