Filin Tamaula: Kun San Ranchers Bees Kuwa?



A hutun da ya wuce na je gida Ikara, ranar wata Asabar na shiga gidan kallon ƙwallon unguwarmu. Ana hutun rabin lokaci sai musu ya kaure tsakanin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea, har wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya jero sunayen 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Abin ya burge ni. Sai na ce masa, "To ƙanena, faɗa mini sunan ƙungiya ɗaya ta jihar Kaduna da ta taɓa ɗauko kofi daga wajen Najeriya." Ya yi shiru. Na juya ga sauran, kowa ya yi tsuru-tsuru. Wani daga baya ya ce Kano Pillars, aka kwashe da dariya.

Ban yi musu dariya ba, domin ni ma sai da na shiga jami'a na san amsar, kuma ba a aji na same ta ba. Wani kawuna ne mai sana'ar rake a Makarfi ya ba ni labarin, wata rana da ya gan ni sanye da rigar Barcelona. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, mu a zamaninmu rediyo muke kewayewa mu ji abin da Ranchers Bees ta yi." Na ce, "Kawu, wace ce kuma haka?" Ya riƙe baki.

Ga abin da na tattaro tun daga ranar.

Ƙungiyar a garin Kaduna take, kuma da farko sunanta DIC Bees, domin ta kamfanin ƙera makamai na soja ce da ke Kakuri. A wancan lokacin haka akasarin ƙungiyoyin ƙasar nan suke: na kamfanoni ne, ko bankuna, ko ma'aikatun gwamnati. Kalmar da ke ƙarshen sunan tana nufin ƙudan zuma. 'Yan Kudan kada ku yi saurin cewa taku ce, sunan garinku ba shi da lanƙwasa a kan harafin farko! A 1983 DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Enugu Rangers ta doke ta. Daga baya Alhaji Muktar Aruwa, wanda ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya a 1999, ya karɓi ƙungiyar, sunanta ya koma Ranchers Bees.

Daga nan ne aka shiga shekaru ukun da kawuna ba ya gajiya da ba da labarinsu. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wannan karon Abiola Babes ta Abeokuta ce ta hana ta. A 1988 ta wakilci Najeriya a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka yi fice a kofunan ƙasashensu, ta yi ta kutsawa har wasan ƙarshe, inda ta haɗu da CA Bizertin ta Tunisiya. An buga gida da waje, kuma ƙwallo ɗaya tak ce ta raba su. Kofi ya tafi Tunisiya. Ku tsaya ku yi tunani: ƙungiyar da ke Kaduna, garin da motar haya ke kai mutum daga Hunƙuyi cikin 'yan awoyi, saura ƙiris ta zama zakara a nahiyar Afirka baki ɗaya. Sai a 1989 haƙarta ta cim ma ruwa, ta lashe kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC Mimosas ta Abidjan. Wannan ita ce amsar tambayar da na yi a gidan kallo.

Cikin waɗanda suka sa rigarta akwai Ayo Ogunlana da Dahiru Sadi, amma wanda sunansa ya fi zagaya duniya shi ne Daniel Amokachi. A Kaduna aka haife shi a ƙarshen 1972, kuma in kun taɓa jin hirarsa kun san Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yana Ranchers Bees ne kocin Super Eagles, Clemens Westerhof, ya gan shi, ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. Shekarun wasunku ke nan da ke shirin zana WAEC. A shekarar ce ya koma Club Brugge ta Beljiyam.

Ku da kuke hana idonku barci daren Talata da Laraba saboda gasar zakarun Turai, ga wani abu da za ku riƙe. Lokacin da aka sauya wa gasar suna a kakar 1992, ƙwallon farko da aka zura a matakin rukuni Amokachi ne ya ci ta, a ragar CSKA Moscow. Tsohon ɗan wasan Ranchers Bees. A gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka ya ci Bulgeriya ya ci Girka. A 1996 kuma yana cikin waɗanda suka ci Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta, Najeriya ta ɗauko lambar zinare.

Labarinsa da na fi so shi ne na 1995, lokacin yana Everton. Ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham, ɗan wasan gabansu Paul Rideout ya ji rauni ana duba shi a gefen fili. Koci Joe Royle bai gama yanke shawarar yin canji ba, sai kawai aka ga Amokachi a cikin fili. Ya ci biyu, aka tashi 4 da 1. A wasan ƙarshe Everton ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi. 'Yan United ku yi haƙuri, tarihi ne. Amma kada wani ya gwada wannan a gasar ajujuwa ya ce ni na koya masa, malamin wasanni zai kore shi ne kawai.

To ina Ranchers Bees ta shige? Ta faɗo daga babban rukuni, ta shafe shekaru tana fama a rukunin ƙasa, har aka haifi irinmu muka girma ba mu san ta ba. A nawa ganin, ciwon da ya kama ta shi ne wanda ya kama yawancin ƙungiyoyin wancan zamani: komai ya rataya ne a aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Ran da mai aljihun ya gaji, ko hankalinsa ya koma wani wuri, sai albashi ya tsaya, 'yan wasa su watse. Abiola Babes da ta doke ta a 1987 ma rushewa ta yi, haka Leventis United ta Ibadan. Ita Ranchers ta yi sa'a ma da sunanta bai mutu ba.

Amma ba zan ɗora laifin duka a kan masu kuɗi ba. Ƙungiya da kuɗin ƙofa da cinikin riguna take rayuwa. Mu kuwa kowane mako muna biyan mai gidan kallo, muna sayen rigar kulob ɗin da bai san da zamanmu ba, amma ko sakamakon wasan ƙungiyar jiharmu ba ma tambaya. Ni kaina da nake wannan rubutu sau ɗaya na taɓa shiga filin wasa na Ahmadu Bello, shi ma rakiya na yi. Lokacin da Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2010 ina ƙarami, kuma ban tuna wani ya taɓa ba ni labarin ba.

Me ya sa wannan ya shafe ku? Saboda a kowace makaranta daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Kudan akwai yaron da ake kira Messi ko Mbappe, wanda burinsa shi ne ya buga a Turai. Na san wani abokin karatuna da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya ba wani mutum da ya zo da sunan wakili, wai zai kai shi gwaji ƙasar waje. Har yau lambar mutumin a kashe take, kuma abokin nawa ya rasa jarrabawar ƙarshe saboda yana zaman jiran biza. Amokachi bai biya kowa ba. Ƙungiyar garinsu ya buga wa, a gaban jama'a, a gasar da ake rubuta sakamakonta, har mai neman ɗan wasa ya zo da ƙafarsa ya gan shi. Idan babu ƙungiya mai ƙarfi kusa da gida, wannan tsanin ne ya karye, kuma 'yan damfara ne ke tsayawa a gurbinsa.

Shi ya sa na ji daɗi da na ji cewa Sadiq Umar ya sa hannu a mallakar Ranchers Bees a 'yan shekarun nan. Shi ma haifaffen Kaduna ne, ya buga wa Roma da Almeria da Real Sociedad, kuma shi ya ci biyu a ragar Honduras ranar da Najeriya ta samu lambar tagulla a Olamfik ta 2016. Abin da zan zuba ido in gani shi ne ko masu nemo wa ƙungiyar yara za su riƙa wuce Zariya su iso filayen makarantunmu.

Ga aikin gida. Kowa ya sami baba, ko kawu, ko wani malami da ya haura shekara hamsin, ya tambaye shi abin da ya tuna game da Ranchers Bees: wa ya fi burge shi, a ina ya saurari wasan 1989. Ku rubuto mana da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi armashi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.