Babur Ba Ya Biyan Fansho

'Yan uwa malamai da iyalanmu, wata magana ta fara zama ruwan dare a bakin ɗalibanmu na manyan azuzuwa, daga Birnin Kebbi har Argungu. Wai me za a yi da takardar sakandare, alhali wanda ya sami babur yana kai saƙo yana shiga gida da kuɗi kowace yamma? Wasu iyaye ma sun fara mara musu baya. Mu a wannan reshe muna da ja a kan maganar, kuma za mu faɗe ta ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Ba mu raina sana'ar ba. Matar da ke cikin gida tana sayar da atamfa ko turaren wuta ta WhatsApp ba ta da ƙafa sai ta ɗan saƙo, haka ma ɗan kasuwar da aka aiko wa kaya tasha. Halal ne, gumi ne. Abin da muke musu shi ne a ce wa yaro ɗan shekara 17 wannan ce sana'ar da zai tsufa a cikinta.

Lissafi aikinmu ne, sai mu yi shi. Kuɗin da ke aljihun ɗan saƙo da magariba ba riba ba ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000. Bayan fetur ga baƙin mai, ga taya da sarƙa da birki, ga tikitin ƙungiya, ga balas ɗin mai babur in ba nasa ba ne. Sannan akwai bashin da ba a gani: kowace tafiya tana cin injin kaɗan-kaɗan, kuma ranar da ya kwanta dole a sayi wani da farashin wannan rana. Wanda bai ware kuɗin sabon babur ba jarinsa yake ci, yana tsammanin riba ce.

Jari na biyu shi ne jiki. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar Kabi, da ƙurar hunturu, da santsin damina a hanyar Argungu inda ake gogayya da manyan motocin shinkafa, ya san kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ɗan shekara 20 yana jurewa. Ɗan shekara 50 fa, da ciwon baya da raunin ido da 'ya'ya a makaranta? Idan ƙafa ta karye, ranar ciniki ya tsaya, cefane kuwa ba ya tsayawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 an gina ta ne a kan gudummawar mai ɗaukar aiki, shi kuwa ɗan saƙo yawanci ba wanda ya yarda shi ne ubangidansa. Ƙaramin tsarin fanshon da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019 don masu sana'ar kansu na ganin dama ne, kuma wanda ke neman na tuwon dare da wuya ya ga dama.

Abin da ya fi damunmu a matsayinmu na masu koyarwa shi ne sana'ar ba ta da tsani. Yaron makanike yana zama maigida, yaron tela yana buɗe shagonsa, domin hannunsu yana ƙara daraja da shekaru. Mai kai saƙo na shekara 20 kuɗi ɗaya ake ba shi da wanda ya fara jiya, ƙila ma a fi son na jiyan don ya fi sauri. Ga shi kuma sa hannun hukuma guda ɗaya yana iya rufe hanyar. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas ta hana shi a manyan sassanta a Fabrairun 2020. Gaskiya ne ɗaukar fasinja aka hana a can, amma a nan babur ɗin da ya kai saƙo da safe shi ke kabu-kabu da yamma.

Saboda haka muna tambayar masu raba babura a filin taro da sunan tallafa wa matasa: cikin 'ya'yanku wa kuka ba? Naku suna jami'a, na talaka ana miƙa masa makulli a gaban kyamara. In da gaske ake, a sa kuɗin a azuzuwan koyon sana'a. Masana'antar shinkafar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da ta Labana a Birnin Kebbi injuna ne, injin kuwa yana buƙatar mai gyara da mai haɗa wuta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana nan, amma ba ta karɓar wanda ya bar aji biyar ya bi babur.

Mun san amsar da yaro zai ba mu, domin mun sha jin ta: ai Malam ma yana kabu-kabu bayan an tashi. Wannan hujja tana da zafi, kuma albashi ne kaɗai zai rushe ta. Gwamna Nasir Idris ya shugabanci ƙungiyarmu ta NUT a matakin ƙasa kafin ya hau wannan kujera, kuma a 2024 ya amince da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000. Muna neman a tabbata kowane malamin firamare a kowace ƙaramar hukuma yana ganin nasa cif, tare da ƙarin girmansa a kan kari, kuma wanda ya yi ritaya ya karɓi haƙƙinsa yana da rai.

A taron iyaye da malamai na wannan zango muna roƙon kowane shugaban makaranta ya kawo sunayen ɗaliban da suka daina zuwa aji saboda babur, a zauna da iyayensu ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe rajistar WAEC.