Kasuwa Kafin Gini: Darasi Daga Girgizar Ƙasar Christchurch

A ranar 22 ga Fabrairun 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.3 ta afka wa birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, ta hallaka mutum 185. Hukumomi suka killace tsakiyar birnin, inda manyan kantuna suke, kuma ba a janye shingen baki ɗaya ba sai a watan Yunin 2013. Ɗan kasuwar da shagonsa ke cikin shingen ya rasa gini, ya rasa haja, sannan ya fara rasa abin da ya fi su tsada, wato masu ciniki. Mutum kan saba da inda yake sayayya. Idan ya sauya hanya ya daɗe, da wuya ya dawo.

Matsayar wannan maƙala ita ce, bayan irin wannan masifa, farfaɗo da ciniki ya kamata ya riga farfaɗo da gini. Abin da ya gudana a unguwar kantuna ta Cashel ya tabbatar da haka. Maimakon jiran benaye masu ɗaukar shekaru, ’yan kasuwa da masu filaye suka jera kwantenonin jiragen ruwa, suka yi musu fenti, suka yanka musu tagogi. A ranar 29 ga Oktoban 2011, wata takwas bayan girgizar, aka buɗe kasuwar Re:START da shaguna 27, tsohon kantin Ballantynes ma ya sake buɗe ƙofarsa a kusa da ita. Jama’a suka samu dalilin komawa tsakiyar garin da suka fara tsoro.

Kafin wannan, gwamnati ta yi makonni tana tallafa wa ƙananan kamfanoni da kuɗin biyan albashi, don kada su sallami ma’aikata. Ɗaliban Jami’ar Canterbury kuwa suka fito da shebur da baro suna kwashe taɓon da ya ɓuɓɓugo daga ƙasa ya cika tituna da gidaje. Wato kasuwar ba ta tashi da ƙarfin ’yan kasuwa kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai suka zai iya cewa shaguna 27 ba su taka kara sun karya ba a birnin da aka rushe dubban gidaje a unguwanninsa na gabas, inda iyalai suka shafe shekaru suna ja-in-ja da kamfanonin inshora. Wannan magana gaskiya ce, kuma kwantena ba ta biya wa kowa diyyar gidansa ba. Sai dai aikinta daban ne: ta riƙe alaƙar mai saye da mai sayarwa a lokacin da take gab da yankewa. An rufe Re:START a farkon 2018, kasuwar Riverside ta dindindin ta buɗe a wannan yankin a 2019, ta tarar da jama’ar da ba su daina zuwa ba.

Saboda haka, hukumar da bala’i ya rusa mata kasuwa ta fara da ware fili kusa da tsohon wurin, ta sassauta ƙa’idojin rumfunan wucin gadi, ta tallafa wa albashin ma’aikata. Zanen sabon gini zai iya jira, masu ciniki kuwa ba sa jira.