Allurar Jininka a Gaɓar Muƙamuƙi: Ina Ma'auninta?

Mai karatu, ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin da kake ji yana motsi shi ne gaɓar muƙamuƙi, inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai, da wani ɗan faifai na guringuntsi a tsakaninsu. Idan amosanin gaɓɓai ya kama ta, shimfiɗar da ke kan ƙashin ta zaizaye, sai tauna ta zama azaba, hamma ta zama abin fargaba, gaɓar kuma ta riƙa ƙara kamar ana taka yashi. Wanda ya shekara yana zaɓen loma ba sai an yi masa dogon bayani kafin ya miƙa kuɗi ba. Masu tallar allurar PRP sun san haka sarai.

Ga yadda ake yin ta. Ana ɗibar jini daga jijiyar hannunka, a sa a na'ura mai juyawa da gudu har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa. Ruwan da ya taso sama, inda ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, shi ake zuƙewa a tsira maka a gaɓa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da sinadarai masu zaburar da warkewar rauni, don haka tunanin ba shirme ba ne. Ni ba da tunanin nake rigima ba. Da cinikin nake.

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma abin da ya raba magani da tsintar dami a kala shi ne ma'auni. Ƙwayar farasitamol mai miligram 500 a Kano ita ce mai miligram 500 a Zinder. To, nawa ne ma'aunin PRP? Mutum mai lafiya yana da ƙwayoyin daskarar da jini tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikrolita, wato tun daga jijiya wani ya ninka wani sau uku. Sannan na'urori sun bambanta. Wani likita yana juya jinin sau ɗaya, wani sau biyu. Wani yana barin fararen ƙwayoyin jini a ciki, wani yana cirewa. Wani allura ɗaya, wani uku. Mutum biyu za su ce an yi musu PRP alhali ba abu ɗaya aka zuba musu ba. Da wani kamfani zai kawo mini kwalbar da ƙarfinta ke canzawa daga wannan zuwa waccan, babu rubutun adadi a jikinta, ba za ta kwana a kantata ba.

Za a ce maka bincike ya tabbatar. Adalci shi ne a ce akwai gwaje-gwaje a kan gaɓar muƙamuƙi, kuma wasu sun nuna ciwo ya ragu, baki ya ƙara buɗuwa. Amma yawancinsu a kan 'yan mutane kaɗan aka yi, aka bi su na 'yan watanni, kowane kuma da irin haɗinsa. Da yawa an haɗa allurar da wankin gaɓa, wato a shigar da ruwan gishiri ya wanke gaɓar ya fito, aikin da shi kaɗai ma yana rage ciwo. Ƙari a kan haka, ciwon muƙamuƙi yana tashi yana lafawa, kuma mutum ya fi zuwa asibiti ranar da ya tsananta. Duk abin da aka yi masa a ranar shi zai ci yabo.

A gwiwa, inda aka fi yin bincike, an samu amsar da ba ta yi wa 'yan talla daɗi ba. A shekarar 2021 mujallar JAMA ta buga gwajin da aka yi a Ostireliya a kan mutum 288 masu amosanin gwiwa: rabi aka yi musu PRP, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da aka zuba masa. Bayan wata 12 ba a ga bambancin a zo a gani ba, ko a ciwo ko a yawan guringuntsi. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi wannan allura a gwiwa da ƙugu. Na yarda gwiwa ba muƙamuƙi ba ce. Sai dai wanda ya ce allurarsa tana tsirar da sabon guringuntsi, shi ke da nauyin kawo hujja, ba kai da ka zo da ciwo ba. In kuma ya ce hukumar magunguna ta Amurka ta amince, ka sani na'urar juya jinin aka ba izini, ba allurar a gaɓa ba.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce "ai jininka ne, ba zai cutar da kai ba". Jinin naka ne, amma allurar da kwalbar da hannun ba naka ba ne. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana yadda wasu mata suka kamu da ƙwayar HIV bayan gyaran fuska da PRP a wani shago marar lasisi a jihar Niyu Meziko. Gaɓar muƙamuƙi ƙarama ce, kuma rassan jijiyar da ke motsa fuska suna wucewa kusa da ita.

Akwai kuma abin da ya zo har tagata. Wata baiwar Allah da ke shan asfirin tun bayan bugun zuciya ta tambaye ni ko ta ci gaba da dakatar da shi, domin wani asibitin kuɗi ya ce ta daina kafin allura. Gaskiya ne asfirin yana raunana ƙwayoyin daskarar da jini, shi ya sa ma aka ba ta. Ba wanda ya tuntuɓi likitan zuciyarta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da ya kamata a fara da shi ba shi da ƙawa, shi ya sa ba a tallarsa. Ka sauƙaƙa wa gaɓar aiki: ajiye cingam, goro, kilishi, rake da gwaguyar ƙashi na wani lokaci. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Likitan gashi zai koya maka motsa muƙamuƙi, likitan haƙori kuma ya duba ko kana cizon haƙora cikin barci, ya yi maka robar sawa da dare. Magunguna irin su ibuprofen suna taimakawa na 'yan kwanaki, amma ba ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba sai da izinin likita. Mafi yawan mutane a nan suke samun sauƙi.

Idan an yi watanni ana wannan ba a ga canji ba, je wurin likitan tiyatar baki da fuska, a ɗauki hoton gaɓar a tabbatar amosanin ne. In ya kawo maganar PRP, tambaye shi ko zai ƙidaya ƙwayoyin kafin ya tsira maka, allura nawa, jimlar kuɗin nawa, da abin da zai yi in ba ta yi aiki ba. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin leda, kada kuma ka dakatar da asfirin, warfarin ko clopidogrel sai likitan da ya rubuta maka su ya ce ka dakatar.