Iraƙi: wa ya raba Bagadaza gida biyu?

Duk sadda aka tada zancen Iraƙi a fada, kafin shayi na biyu ya dahu sai wani ya yanke hukunci: "Ai Sunni da Shi'a ne, rigimarsu ta fi shekara dubu." Mu dai ba mu yarda da wannan bayani ba. Yana da daɗin faɗi, amma yana wanke waɗanda suka yi ɓarnar da hannunsu.

Amurka da Ingila sun shiga Iraƙi ranar 20 ga Maris 2003, da hujjar makaman ƙare-dangi da har yau ba a gani ba. Ranar 9 ga Afrilu Bagadaza ta faɗi. Sati uku ke nan. Kifar da Saddam Husaini, mutumin da ya zuba ma Kurdawan Halabja iska mai guba a 1988, bai yi wuya ba. Abin da aka yi bayan nan ne ya karya ƙasar.

A watan Mayu, Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora bisa ƙasar, ya sa hannu kan takardu biyu. Ta farko ta kori 'yan jam'iyyar Ba'as masu muƙami daga aikin gwamnati, har da malaman makaranta da yawa da suka yanki kati don kawai su ci abinci. Ta biyu ta rushe rundunar soja baki ɗaya. Dubban ɗaruruwan maza da suka iya harbi, suka san inda rumbunan makamai suke, aka ce su tafi gida. To, jama'a, me ake jira ya faru?

Sai aka kawo rabon da 'yan Iraƙi ke ce ma muhasasa: firaminista ɗan Shi'a, shugaban majalisa ɗan Sunni, shugaban ƙasa Bakurde. A ido kamar adalci ne. A ƙasa kuwa, jam'iyyar da ta samu ma'aikatar minista sai ta mai da ita gonarta, mai neman aiki kuma ba takardarsa ake dubawa ba, gidan da ya fito ake tambaya. Nan ɗan siyasa ya gane tsoron da mutanensa ke yi ma maƙwabci shi ne jarinsa. Da aka tada bam a hubbaren Askari na Samarra a Fabrairun 2006, itace ya riga ya bushe. Unguwannin Bagadaza inda ake zaune tare, har da auratayya, aka bi su gida-gida ana kora, aka gitta katangun siminti a tsakani. Sunan Umar ko Ali a katin shaida ya isa ya kashe mutum a shingen hanya.

Ku lura da wani abu. Ƙabilun Sunni na Anbar, waɗanda aka sani da Sahwa, su ne suka juya ma Alƙa'ida baya tun 2006. Da sojan Amurka suka fita a ƙarshen 2011, gwamnatin Nuri al-Maliki ta riga ta yi watsi da yawancinsu, ba aikin da aka alkawarta. A Yunin 2014 'yan Da'esh suka ci Mosul, sojoji suka tuɓe kaki suka gudu. Daga baya firaminista Haidar al-Abadi da bakinsa ya ce an gano sunayen sojojin bogi 50,000 da ake biya albashi. Wannan ba aƙida ba ce, sata ce. Sai Yulin 2017 aka ƙwato garin, tsohon birnin ya koma kango.

Kuɗi kuwa akwai. Iraƙi na haƙo ganga miliyoyi na man fetur kullum, kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin gwamnati daga nan suke. Amma mutumin Bagadaza na biyan mai injin wuta na unguwa kowane wata, a garin da zafi kan kai maki 50 (mu da muka san watan Afrilu ba mu buƙatar bayani). Ƙasa mai wannan arziki na sayen gas wajen Iran don ta kunna tashoshinta. A Basra, inda mafi yawan man yake fitowa, gurɓataccen ruwa ya kai dubban mutane asibiti a 2018. Basra garin Shi'a ne, gwamnatin ma a hannun jam'iyyun Shi'a take. Ina ribar rabon?

Shi ya sa a Oktoban 2019 waɗanda suka cika dandalin Tahrir na Bagadaza da titunan Nasiriyya da Basra galibinsu samarin Shi'a ne, tsaranmu, wasu ma suna goye lokacin da tankokin Amurka suka shigo. Ba su fito don ɗarika ba. Cewa suke suna son ƙasa, a soke muhasasa. An kashe ɗaruruwansu, firaminista Adil Abdul-Mahdi ya aje aiki, an sake dokar zaɓe. Kujeru ukun nan kuwa, har yanzu yadda aka saba ake raba su.