Ƙaramin Gidan Abinci a Osaka da Darasin da Ya Bar Mini

A bara aiki ya kai ni birnin Osaka na ƙasar Japan, tare da wani dattijo da muke aiki a asibiti ɗaya. Wani dare yunwa ta kore mu daga masauki, muka bi wani lungu har muka tarar da ɗan gidan abinci mai kujeru takwas kacal, babu allon talla sai ƙyallen da aka rataya a bakin ƙofa. Tsoho ne da matarsa ke riƙe da wurin. Aka kawo mana shinkafa, da gasasshen kifi, da miyar miso, da ƴan ƙananan kwanuka na ganye. Abinci mai tsafta, marar maiƙo, wanda ake tashi daga kansa ba tare da nauyin ciki ba.

A cikin kwanukan akwai wani wake mai yauƙi da wari irin na daddawa. Abokin tafiyata ya yi murmushi ya kai cokali. Na riƙe hannunsa na ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Ba wafarin kake sha ba?" Shekara huɗu ke nan yana shan wannan maganin tsinka jini, tun da aka yi masa aikin zuciya. Waken nan shi ne natto, waken suya da aka ruɓar da ƙwayar halitta irin wadda ke nunar da daddawarmu. Bambancin shi ne daddawa ɗan kaɗan ake jefawa a tukunya, natto kuwa kwano guda ake cinyewa. Yana ɗauke da bitamin K mai yawan gaske, aikin wafarin kuma shi ne daƙile wannan bitamin don kada jini ya daskare. Idan suka haɗu, ƙarfin maganin ya ragu, kuma tasirin yakan ɗauki kwanaki. Shi ya sa asibitocin Japan ke hana masu shan wafarin cin natto kwata-kwata.

Ra'ayina shi ne: maganar da ake yawan yi cewa abincin Japanawa lafiya ne zalla, rabin gaskiya ce. Haƙiƙa suna cikin al'ummomin da suka fi kowa tsawon rai, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya girkinsu na gargajiya cikin kayan gadon duniya. Amma abin da ya zama magani ga wani, yakan zama cuta ga wani.

Ɗauki gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, alhali Bajapane yakan ci kusan giram 10. Babban cokali ɗaya na ruwan ɗanɗanon da suke kira shoyu yana da kimanin giram biyu da rabi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya shanye romon taliya har ƙasan kwano, ya rushe aikin ƙwayar da ya sha da safe.

Sai ɗanyen kifi. Akwai wata tsutsa mai suna anisakis da ke maƙale wa bangon ciki, ta jawo murɗa mai tsanani sa'o'i kaɗan bayan cin abinci. Gishiri ko ruwan tsami ko yajin wasabi ba sa kashe ta. Sai dafawa, ko daskarar da kifin a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, gasasshe ya fi musu. Mai shan isoniyazid na tarin fuka shi ma ya kula da kifin tuna, musamman wanda ya jima, domin yana iya sa fuska ta yi ja, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa. Ganyen teku na kombu da ake haɗa romo da shi kuwa cike yake da aidin, don haka mai ciwon maƙoƙo ya nemi shawara tukuna.

Wani zai ce, to ai sai a tsaya a manyan otal inda komai ke rubuce. Ban yarda ba. A babban wuri mai kawo abinci bai san abin da ke cikin tukunya ba. A ƙaramin shago kuwa mai girkin yana gabanka. Da taimakon manhajar fassara a waya muka tambayi tsohon nan, ya ɗauke natto ya kawo tofu, ya kuma gaya mana wane kwano ne aka sa wa mirin, wato giyar shinkafa ta girki, muka bar shi. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka idan hanya ta kai ka irin wannan wuri, a Japan ne ko a wani birni, shiga ka ci. Amma kafin ka bar gida, rubuta sunayen magungunanka a takarda, ka nuna wa likitanka ko mai harhaɗa magani, ka tambaye shi abin da za ka guje wa. Rigakafi ya fi magani. Abokin tafiyata har yau yakan tsokane ni cewa na hana shi cin daddawar Japan, ni kuwa nakan ce gara haka da kwana a ɗakin gaggawa a ƙasar da ba ma jin yarenta.