Shin ƙara za ta iya maye gurbin harsashi a fagen daga?

A watan Nuwamban shekara ta 2005 ne wasu 'yan fashin teku ɗauke da bindigogi da rokoki suka far wa jirgin ruwan yawon shaƙatawa na Seabourn Spirit a kusa da gabar Somaliya. Ma'aikatan jirgin sun auna su da wata na'ura mai kama da babban faifai, wadda ke fitar da ƙara mai tsananin gaske, kuma jirgin ya tsira. Tun daga lokacin ake tafka muhawara kan ko an samu wani sabon makami.

Wani kamfanin Amurka ne ya ƙera na'urar, wadda ake kira LRAD, bayan harin da aka kai wa jirgin yaƙin USS Cole a tashar Aden a shekara ta 2000, inda sojojin ruwa 17 suka rasa rayukansu. Manufarta ta farko ita ce gargaɗin ƙananan jiragen da ke dosowa tun daga nesa.

To amma faɗa da cikawa ne ke da wuya. Ƙarfin sauti yana raguwa da ma'aunin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, saboda haka ƙarar da za ta fasa dodon kunne a kusa ba ta wuce abin damuwa ba idan aka yi nisa. Sauti mai zurfi wanda kunne ba ya ji, da aka daɗe ana zuzutawa, yana buƙatar manyan na'urori, kuma yana bazuwa ta ko'ina har kan wanda ya harba shi. Sojan da ke cikin tankar yaƙi, ko wanda ya toshe kunnuwansa da ɗan roba, ya rage wa makamin kaifi. A shekara ta 2008 ma 'yan fashi sun kame jirgin dakon Biscaglia a mashigin tekun Aden duk da cewa masu gadinsa sun kunna irin wannan na'ura.

Inda na'urar ta fi tasiri kuwa shi ne kan fararen hula, kuma a nan gizo ke saƙa. 'Yan sandan Pittsburgh sun yi amfani da ita kan masu zanga-zanga lokacin taron ƙasashen G20 a shekara ta 2009. A watan Maris na 2025 masu zanga-zanga a Belgrade sun zargi hukumomin Sabiya da amfani da makamin sauti, zargin da gwamnati ta musanta.

Tun a shekara ta 1995 wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haramta makaman laser masu makantar da mutane, amma babu makamanciyarta da ta keɓanta ga makaman da ke iya kurumtar da su.